Horon Kariya Daga Radiyeshan Ga Ma'aikatan Asibiti da Masana'antu: Tambayoyi da Amsoshi

Radiyeshan ba shi da wari, ba shi da launi, kuma ba ya zafi a lokacin da yake shiga jiki. Mutum na iya tsayawa kusa da abin da zai raba shi da ƙafarsa, ya gama aiki, ya koma gida ya ci tuwo lafiya lau, sai bayan kwanaki fatar ta fara tashi. Shi ya sa duk horon da ake yi a wannan fanni yake komawa kan ɗabi'a ɗaya, wato a auna da mita (na'urar auna radiyeshan), kada a yi zato. Ga tambayoyin da ma'aikata da masu asibitoci da 'yan kwangila suka fi yi.

Su wane ne ya wajaba su yi wannan horo?

Duk wanda aikinsa ke kai shi inda ake kunna injin hoton X-ray ko ake ajiye ƙwayar radiyeshan, wato ɗan sinadarin da ke fitar da radiyeshan da kansa. A asibiti akwai masu ɗaukar hoto, likitocin hoto, ma'aikatan sashen gashin ciwon daji, likitocin haƙori, da ma'aikatan tiyatar ƙashi da ta zuciya. A masana'antu akwai masu ɗaukar hoton walda a bututun mai da gas, masu auna rijiyoyin mai, masu gwada ƙarfin daɓen hanya, masu kula da na'urorin auna cikar tanki a kamfanonin siminti da na lemo, da masu duba kwantena a tashar jiragen ruwa. Mahaƙan yuraniyom na Arlit a Nijar suna cikin wannan sahu, haka masu tace kuza a Jos, domin tarkacen kuza yana ɗauke da sinadarin toriyom.

Waɗanda aka fi mantawa da su su ne nas ɗin tiyata, mai shara, direban da ke ɗaukar akwatin ƙwaya, da maigadin rumbun ajiya. Su ba sa buƙatar dogon kwas, amma sa'o'i kaɗan na wayar da kai wajibi ne a gare su, kuma da harshen da suke ji.

Sikanin ciki da na'urar MRI su ma suna da wannan haɗari?

A'a. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu da sauti yake aiki, ita kuma MRI da maganaɗisu. MRI tana da nata haɗarin, domin tana fizgar ƙarfe da ƙarfin gaske, amma wannan wani darasi ne daban. Abin da muke magana a kai shi ne radiyeshan mai iya lalata ƙwayoyin halittar jiki: hoton ƙirji da ƙashi, hoton CT, hoton nono, hoton da ake kallo kai tsaye a tiyata, gashin daji, da ƙwayoyi irin su iridiyom, kobal da siziyom.

Wace hukuma ce ke da iko a kan wannan aiki?

A Najeriya, hukumar kula da harkokin nukiliya ce, wato NNRA. Dokar da ta kafa ta ta fito a 1995, ta kuma fara aiki a 2001, sannan ta fitar da ƙa'idojinta na asali a 2003. Ba a shigo da injin hoto ko ƙwaya, ba a ajiye su, ba a yi safararsu, ba a kuma yi aiki da su sai da izininta. Tana da cibiyar bincike da horo a harabar Jami'ar Ibadan inda ake daidaita mitoci. Rajistar masu ɗaukar hoto a asibiti kuwa tana hannun hukumar RRBN, kuma rajistar sana'a ba ta ɗauke wa asibiti neman lasisin injinsa. A Arewa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke riƙe da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, tana da masana wannan fanni. Nijar tana da hukumar ARSN, Ghana kuma ta kafa tata hukumar da dokar 2015. Dukkansu suna gina ƙa'idojinsu ne a kan ma'aunin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyena.

Horon iri ɗaya ne ga kowa?

Ba ɗaya ba ne. Akwai na wayar da kai, akwai na mai riƙe da injin da hannunsa, akwai kuma na jami'in kariya, wanda dole duk mai lasisi ya naɗa a rubuce. Shi jami'in kariya yawanci kwas ɗinsa na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, ya kuma ƙunshi lissafin kaso, wato yawan radiyeshan da jiki ya ɗauka, dokoki, rubuta ƙa'idojin wurin aiki, binciken hatsari da ajiye bayanai. Sama da wannan akwai dogon kwas na masu digiri da IAEA ke ɗaukar nauyi, na wajen wata biyar, wanda Ghana ke karɓar baƙuncinsa ga ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi.

Wani abu da masu kamfanoni ya kamata su ji: jami'in kariyar da ba shi da ikon cewa a dakatar da aiki, sunansa kawai aka ara don a samu lasisi. Takardar naɗinsa ta faɗi wannan iko ƙarara, kuma ya zama yana kai rahoto kai tsaye ga shugaban wurin.

Nawa ne iyakar abin da jikin ma'aikaci zai ɗauka?

Ana auna shi da milisibat. Ma'aikaci ba zai wuce milisibat 20 a shekara ba idan aka raba a kan shekara biyar, wato 100 a jimlace, kuma ba zai wuce 50 a shekara guda ba ko da wane dalili. Ƙwayar ido ita ma 20 ce a shekara. Da can 150 ce, aka rage ta a 2011 bayan an gano yanar ido na kamawa a kason da bai kai yadda ake zato ba. Fata da hannuwa da ƙafafu 500. Ɗalibi ko ɗan koyo mai shekara 16 zuwa 18 iyakarsa 6, sauran jama'a kuwa 1.

Don a samu abin kwatantawa, kowane mutum a duniya yana ɗaukar kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama. Hoton ƙirji guda bai wuce 0.1 ba, CT na ciki kuwa yana kai wajen 8 zuwa 10. Mai ɗaukar hoton da ke tsayawa bayan garkuwa yadda ya dace ba safai yake kai milisibat 1 ko 2 a shekara ba. Saboda haka idan bajon da yake maƙalawa a ƙirji don rubuta kasonsa ya nuna 3 a wata uku, bai karya doka ba, amma akwai abin da ya lalace, kuma a nemo shi. Iyakar ba rabo ba ce da ake ƙoƙarin cinyewa. Ƙa'idar ita ce a sauko da kason ƙasa gwargwadon iko.

Ana ta cewa lokaci, tazara da garkuwa. Ta yaya ake lissafa su?

Lokaci a fili yake: rabin lokaci, rabin kaso. Tazara ita ce mai ban mamaki, domin idan ka ninka nisanka sau biyu kason yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, idan ka ninka sau goma ya koma ɗaya cikin ɗari. A ɗauki ƙwayar iridiyom-192 mai ƙarfin kuri 50, irin wadda ake hoton walda da ita. Idan tana fili babu abin da ya tare ta, a nisan mita ɗaya tana ba da kusan milisibat 240 a awa. Ma'ana, minti biyar kacal sun cinye kason shekara. A mita 10 ta koma 2.4 a awa, a mita 100 ta koma 0.024. Yanzu a juya lissafin: a santimita 10 ta kai 24,000 a awa, a santimita ɗaya kuwa, wato kamar tana cikin aljihu ko tafin hannu, ta ninka wannan sau ɗari. Duk ɗalibin da bai iya yin wannan lissafi a takarda cikin minti biyu ba bai isa a ba shi makullin akwati ba.

Garkuwa ana lissafa ta da kaurin da ke rage ƙarfin radiyeshan zuwa rabi. Ga iridiyom-192 kusan milimita 5 na dalma ne, ga kobal-60 kusan milimita 12. Kauri biyu ya bar kashi ɗaya cikin huɗu, kauri goma ya bar kusan ɗaya cikin dubu.

Bajon da ake maƙalawa a ƙirji yana kare mutum?

Ba ya kare kowa. Aikinsa ya rubuta abin da ya riga ya shiga jikinka. Ana sa shi a gaban jiki tsakanin wuya da ƙugu, fuskarsa na kallon waje, a aika da shi wurin karantawa duk wata ko duk wata uku bisa sharaɗin lasisi. Mai sa rigar dalma yana sa shi a ƙarƙashin rigar. Masu dogon aiki a tiyata ana ƙara musu na biyu a wuyan riga ta waje, don a kimanta abin da ido ke samu, masu haɗa alluran nukiliya kuma ana ba su na zobe.

Kura-kuran da ke ɓata sakamako sanannu ne. Wani ya rataye farar rigarsa da bajon a jiki cikin ɗakin hoto ya tafi hutu, bajon ya yi ta ɗaukar kason da mai shi bai ɗauka ba. Wani ya bar shi a gaban mota cikin zafin Afrilu. Mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa da bajo ɗaya, a rasa na wa aka karanta. Mafi muni shi ne wanda ke ɓoye shi a aljihun tebur don kada sakamako ya yi yawa a cire shi daga aiki mai alawus. Kowane ƙunshi yana zuwa da bajon gwaji guda wanda ba a sa wa kowa. A ajiye shi nesa da injin, a mayar da shi tare da sauran, domin da shi ake cire kason hanya da na muhalli. Kuma ma'aikaci yana da haƙƙin ganin sakamakonsa, ya tafi da kwafinsa idan ya sauya wurin aiki.

Rigar dalma fa, ta wadatar?

A asibiti tana aiki sosai. Riga mai kaurin da ya yi daidai da milimita 0.25 zuwa 0.5 na dalma tana tare kashi 90 cikin ɗari ko fiye na radiyeshan da ke fallatsowa daga jikin majiyyaci. Ba a yi ta don a tsaya a gaban hasken kai tsaye ba. A rataye ta a marataya mai faɗi, kada a ninke ta ko a jefa ta kan kujera, domin dalmar ciki tana tsagewa a wurin ninkin alhali waje na nan sumul. A lambata kowace riga, a duba ta da injin hoto sau ɗaya a shekara, wadda ta tsage a kan ƙirji ko mara a fitar da ita.

A filin hoton walda kuwa ba ta da amfani. Rabin milimita na dalma bai tare ko kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin iridiyom ba, sai dai ya ƙara wa mutum nauyi ya rage masa sauri, ya kuma sa masa kwanciyar hankalin da ba shi da tushe.

Mu ma'aikatan tiyata ne, muna aiki da injin hoto na kai tsaye. Me ya fi muhimmanci mu sani?

Ku san cewa majiyyacin da ke kwance shi ne tushen abin da ke same ku, ba kan injin ba. Hasken yana shiga jikinsa ya fallatso, kuma ya fi fallatsowa ta ɓangaren da ya shiga. Don haka bututun hasken ya kasance a ƙarƙashin gado, allon ɗaukar hoton a sama, a kuma matso da allon kusa da jikin majiyyaci iya yiwuwa. Idan aka juya injin gefe, a tsaya ta ɓangaren allon. A tsuke hasken ya tsaya kan wurin da ake aiki kawai, a zaɓi yanayin walƙiya-walƙiya a maimakon haske mai ɗorewa, a ɗauke ƙafa daga feda da zarar an ga abin da ake nema, domin hoton ƙarshe yana nan a allo. Hannun likita kada ya shiga cikin hasken. Idan ma ya sa safar dalma ya shigar, injin zai ga abu mai kauri ya ƙara ƙarfi da kansa, kowa a ɗakin ya ɗauki ƙari. Nas ɗin da ba a buƙatarta a bakin gado ta ja baya taku biyu kafin a taka feda. A sa abin kare maƙogwaro, masu yawan wannan aiki su ƙara da tabaran dalma.

Za mu buɗe ɗakin hoto. Bangon bulo ya isa?

Ya danganta da bulon. Inda aka fi samun matsala shi ne bulo mai rami, wanda ake gani da kauri inci tara alhali rabin cikinsa iska ce. Ɗakin hoto na yau da kullum ana yawan ba shi kariyar da ta kai milimita 2 na dalma, wato kusan santimita 15 na zubin kankare, har zuwa tsayin mita biyu da ɗoriya. Amma wannan ba lamba ba ce da za a kwafa. Masani ne zai lissafa bisa yawan hotunan mako, inda hasken ke fuskanta, da wanda ke zaune a bayan bangon. Bangon da bayansa ofishin akawu ne da wanda bayansa fili ne ba ɗaya ba ne. A lura da ƙofa, da tsakanin ƙofa da bango, da ramin wayoyi da na na'urar sanyaya ɗaki, da tagar da ke kallon inda majiyyata ke zaman jira. Bayan an gama gini a zo da mita a zagaye ɗakin ana kunna injin, kafin majiyyaci na farko ya shiga.

Idan yaro ko tsoho na buƙatar a riƙe shi, ɗan'uwansa ne zai riƙe, sanye da rigar dalma, ba ma'aikaci ba, ba kuma mai juna biyu ba. Ɗan'uwan sau ɗaya zai yi, ma'aikacin kuwa kullum ne.

Gaskiya ne radiyeshan yana zama a ɗaki bayan an ɗauki hoto, kuma madara tana wanke shi?

Duka biyun ba gaskiya ba ne. Injin hoto kamar ƙwan lantarki yake, da an kashe shi shi ke nan, babu abin da ya rage a iska ko bango ko jikin majiyyaci. Ƙwaya kuwa garwashi ce da ba a iya kashewa, sai dai a rufe ta, ta yi ta raguwa a kan lokacinta: iridiyom-192 yana raguwa rabi duk kwana 74, kobal-60 duk shekara biyar da 'yan watanni, siziyom-137 duk shekara 30. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta gyara abin da haske ya riga ya ratsa. Wurin da ke raba wa ma'aikata gwangwanin madara alhali ba ya biyan kuɗin karanta bajo ya juya al'amarin.

Aikin nan yana hana haihuwa?

Ba a irin kason da ma'aikaci ke samu ba. Kafin maniyyin namiji ya ragu na ɗan lokaci sai 'ya'yan maraina sun ɗauki abin da ya kai milisibat 100 zuwa 150 a lokaci guda, rashin haihuwa na dindindin kuwa sai dubbai. Wannan kason hatsari ne. Abin da ake tsoro a ƙaramin kaso shi ne ƙarin yiwuwar kamuwa da daji bayan shekaru, wanda ake ƙiyasta shi da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a kan kowane milisibat dubu. Kaɗan ne, amma taruwa yake yi, shi ya sa ake rowar kowane ɗigo.

Ma'aikaciya ta samu juna biyu. Sai ta bar aiki?

Ba dole ba ne, kuma ba a korar ta saboda haka. Ta sanar da shugabanta a rubuce da wuri, domin kariyar ba ta fara aiki sai an sani. Daga nan a tsara aikinta yadda abin da ke cikinta ba zai wuce milisibat 1 ba har ta haihu. Mai aiki a bayan garkuwa tana iya ci gaba. A ɗauke ta daga hoton kai tsaye mai tsawo, da zagayen ɗakunan kwanciya da injin hoton da ake turawa, da haɗa maganin ayodin mai radiyeshan. Mun san kunya tana hana mata da yawa faɗa a watannin farko, don haka yana da kyau a ware mace a sashen wadda za a iya gaya wa cikin sirri.

Me ya sa ake cewa hoton walda ya fi ko'ina haɗari?

Domin a nan ne ake fito da ƙwaya mai ƙarfi daga garkuwarta sau da yawa a dare ɗaya, a daji ko a kan bututu, cikin gajiya da gaggawar ɗan kwangila. Kayan aikin su ne akwati mai nauyin kilo 20 da ɗoriya wanda ƙwayar ke kwance a cikinsa, ita kanta ƙwayar da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba a maƙale a ƙarshen wata gajeriyar waya, doguwar wayar tuƙi mai hannun murɗawa, da tiyon da ƙwayar ke bi zuwa bakin walda. A ƙarshen tiyon ana sa wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke tare hasken ta ko'ina sai ta fuskar da ake so.

Kafin a fara, a duba batirin mita a kuma gwada ta a jikin akwatin. Karatun da ta bayar a rubuta shi, domin shi ne shaidar cewa ƙwayar na ciki kuma mitar na aiki. A gwada mahaɗin wayar da ma'aunin da kamfanin ya bayar, wanda ya cinye a ajiye shi. A shimfiɗa tiyo ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, a ja igiya da alamu da fitilu kewaye da wurin. Wurare da yawa suna kafa shingen inda karatu bai wuce maikurosibat 7.5 a awa ba (maikurosibat dubu ne milisibat ɗaya), kuma ƙwaya mai kuri 50 da ba a tare ta da komai ba tana buƙatar kusan mita 180 kafin a kai haka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna amfanin dunƙulen bakin tiyo. Mutum biyu ne mafi ƙarancin ma'aikata, kowa da bajonsa da na'urar ƙara a ƙugu, ɗaya yana murɗawa ɗaya yana zagaya shinge, domin makiyayi ko mai tallan abinci bai san ma'anar igiyar ba.

Matakin da ke raba mai rai da gawa yana zuwa ne bayan kowane hoto. An murɗo ƙwaya ta dawo, an ji ƙarar makulli, duk da haka sai a nufi akwatin da mita a hannu a kunne, a zagaye shi, a bi tiyon har ƙarshe. Kowane hoto, ko na arba'in ne a daren. Murɗawa ba hujja ba ce, domin wayar tuƙi tana iya dawowa ta bar ƙwayar a cikin tiyo idan mahaɗi ya kwance, ko ƙarfe ya faɗo ya matse tiyon, ko yashi da ƙurar hunturu sun cushe hanyar. Sabo ne ke sa gwani ya daina wannan dubawa, kuma yawancin munanan hatsarin wannan sana'a daga nan suka faro. A Yanango ta ƙasar Peru a 1999, ƙwayar iridiyom ta faɗo ba a lura ba, wani mai walda ya tsince ta ya sa a aljihun bayan wandonsa na sa'o'i. Daga baya sai da aka yanke masa ƙafa.

Idan ƙwaya ta maƙale ko ta faɗo, me za a yi?

A ja da baya nan take, a kira kowa ya fito. A auna da mita a faɗaɗa shinge, a sa masu gadi ta kowace hanya, kuma kada a bar wurin babu mai ido a kai ko na minti ɗaya. A kira jami'in kariya, shi kuma ya sanar da hukuma. Da zarar mutane sun yi nisa gaggawa ta ƙare, saura shiri: a zauna a tsara yadda za a ɗauko ta, a lissafa daƙiƙa nawa kowa zai yi a kusa, a gwada motsin da wani abu marar haɗari tukuna. Kayan da ake buƙata su kasance a motar tun farko, wato dogon awartaki mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, buhunan ƙwayoyin dalma da za a jefa a kanta, tukunyar dalma, da abin yanka tiyo. Ba a taɓa ta da hannu ko da safa. Duk wanda ake zaton ya ɗauki kaso mai yawa a aika da bajonsa a karanta da gaggawa, a kai shi asibiti a fara ƙirga ƙwayoyin jininsa, a kuma rubuta lokacin da amai ya fara idan ya fara, domin likita na amfani da wannan wajen ƙiyasta kason.

Namu na'urar auna tanki ce kawai, a manne take ba ta motsi. Mu ma sai mun damu?

Haɗarinta yana zuwa ranar gyara. Kafin kowa ya shiga cikin tanki ko ya sa hannu tsakanin ƙwaya da ma'auninta, a rufe murfin ƙwayar, a sa kwaɗo, a tabbatar da mita cewa ya rufu, domin tsatsa da ƙurar siminti suna kama murfin ya tsaya rabi. A goge jikin gidan ƙwayar lokaci-lokaci a kai a auna don a ga ko tana yoyo. Alamar da ke jikinta idan ta goge a sabunta ta.

A sashen maganin nukiliya, idan ruwan magani ya zube fa?

A nan matsalar ta sauya, domin abin yana iya manne wa fata ko ya shiga ciki. Shi ya sa ba a ci, ba a sha, ba a tauna goro a ɗakin. Idan ya zube a sanar da na kusa, a rufe shi da takarda mai tsotsewa, a hana shiga da fita, a sa safa biyu, a goge daga gefe zuwa tsakiya, a zuba komai a leda mai alama da kwanan wata, sannan a auna hannu da tafin takalmin kowa kafin ya fita. Fata a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu a hankali, kada a dirje har ta yi ja. Sharar ana ajiye ta ta huce: ninki goma na lokacin raguwarta yana mayar da ita kusan ɗaya cikin dubu, wato awa 60 ga teknishiyom-99m, kwana 80 ga ayodin-131. Bayan nan ma sai an auna kafin a zubar.

Ina ƙwayar da ta tsufa take zuwa?

Ana mayar da ita ga wanda ya sayar, kuma a sa wannan sharaɗi a takardar ciniki tun ranar saye. Ƙwayar da ta yi rauni ga aiki ba ta yi rauni ga jikin mutum ba. A Goyaniya ta Brazil a 1987, masu neman tsohon ƙarfe sun kwance injin gashin daji da aka bari a wani asibitin da ya tashi, suka fasa ƙwayar siziyom, mutane suka riƙa shafa garin saboda yana ƙyalli da shuɗin haske. Mutum huɗu suka rasu, kusan 250 suka gurɓata, aka auna sama da mutum 100,000. Irin haka ya faru a Tailan a 2000 da kuma kasuwar tsohon ƙarfe ta Mayapuri a Delhi a 2010, dukkansu da kobal-60. A Najeriya ma ƙwayoyi biyu na auna rijiyar mai sun ɓace a yankin Neja Delta a ƙarshen 2002, aka gano su daga baya cikin tsohon ƙarfe a Jamus.

Duk wanda ya san yawan 'yan jari-bola da 'yan gwangwan a garuruwanmu ya san wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Jami'in kariya ya riƙe littafin da ke nuna kowace ƙwaya, lambarta, ƙarfinta da inda take, ya kuma je ya gan ta da mita a kai a kai. Masu sayen ƙarfe kuma a nuna musu alamar nan mai fuka-fukai uku a kan rawaya, da sabuwar da aka fitar a 2007, ja mai kusurwa uku da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa, mai irin wannan alama, ba a fasa shi.

Ta yaya za mu gane kwas na ƙwarai, kuma yaushe ake sabunta shi?

A fara tambayar ko hukuma ta amince da mai ba da horon, a nemi ganin takardar. Sannan a tambayi awa nawa ɗalibi zai riƙe mita da hannunsa. Kwas ɗin da aka gama shi duka a ɗakin taro na otal, babu mita, babu lissafi, babu atisayen hatsari, babu jarrabawar da mutum zai iya faɗuwa, takarda kawai ya sayar muku. A duba kuma ko darussan sun dace da aikinku, domin abin da likitan haƙori ke buƙata daban yake da na mai hoton bututu. Sharaɗin lasisinku zai faɗi tsawon lokacin sabuntawa. Shawararmu ga masu hoton walda da ma'aikatan tiyata ita ce kada su wuce shekara biyu, a kuma ƙara da atisayen hatsari sau ɗaya a shekara a wurin aikin kansa. A sake horo duk lokacin da aka kawo sabon inji, ko aka sauya wa mutum sashe, ko wani abu ya kusa faruwa. Ita ma mitar a aika da ita a daidaita ta duk shekara da kuma bayan kowane gyara, a manna takardar kwanan watan a jikinta, kuma a tanadi ta biyu da za a yi aiki da ita kafin waccan ta dawo.